Mai bindiga na yawo a daji, mai ba da ruwa na gaban alƙali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake kawo mana labarin iyakar Amurka da Meziko. Kusan kullum labarin ɗaya ne, an kama mutum dubu kaza, an mayar da dubu kaza, shugaba ya ce zai ƙara tsawon katanga, shi ke nan sai a wuce wani labarin. Mai karatu sai ya tashi da tunanin ai magana ce ta doka kawai, wasu sun haura ba izini hukuma ta kama su. To amma fa a wannan iyakar akwai wasu mutane da ba jami'ai ba ne, ba wanda ya ɗauke su aiki, su ɗauki bindiga su shiga daji farautar mutane, kuma abin da suke dubawa launin fata ne da harshe, sannan abin da ya fi damuna shi ne duk abin da suka yi ta ihu a kai yau, gobe sai ka ga ya zama dokar gwamnati.

Iyakar nan tsawonta ya haura kilomita 3,100, kuma ba a nan take da can ba. Kalifoniya, Nevada, Utah, New Mexico da mafi yawan Arizona duk ƙasar Meziko ne har zuwa 1848, lokacin da aka gama yaƙi aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, Meziko ta rasa wajen rabin ƙasarta, Teksas kuwa dama ta riga ta tafi tun kafin nan. Ke nan akwai zuri'o'i masu magana da Sifaniyanci a wajen da kakanninsu ba su taɓa haura komai ba, suna zaune a gidajensu aka zo aka ja layi. Shi ya sa a zanga-zangarsu za ka ji suna cewa ba mu muka tsallake iyaka ba, iyaka ce ta tsallake mu. Amma duk da haka har yau su ne ake tsayarwa a hanya a ce su kawo takarda.

A watan Janairun 1918 a wani ɗan ƙauye mai suna Porvenir a yammacin Teksas, jami'an Texas Rangers, wato rundunar tsaro ta jihar, tare da wasu masu gandun shanu na yankin suka dira cikin dare, suka fito da mutane daga ɗakunansu, suka ware maza da samari 15 'yan asalin Meziko suka kai su bayan gari suka harbe. Matan da yaran suka tsallake kogi suka gudu, ƙauyen ya mutu. Ba wanda aka ɗaure. Ka lura da kyau Edita, jami'in gwamnati da ɗan banga tare suka je, a sahu ɗaya, ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya ga inda wancan ya fara. Wani ɗan majalisar jihar, José Tomás Canales, shi ya tsaya kai da fata sai da aka yi bincike kan Rangers ɗin a 1919, har barazana ya sha a kan haka. Shekara biyar bayan nan, a 1924, aka kafa rundunar sintirin kan iyaka ta tarayya, kuma cikin waɗanda suka fara shiga akwai tsofaffin Rangers. A shekarar dai aka yi dokar shige da fice da ta raba mutane bisa asalin ƙasa, ta toshe ƙofa ga kusan duk mutanen Asiya, ta rage na kudanci da gabashin Turai, dama tun 1882 an riga an hana leburori 'yan ƙasar Sin shiga. Don haka duk mai cewa wai maganar launin fata daga baya 'yan siyasa suka cusa ta cikin harkar iyaka, gaskiya bai bi tarihin ba, da ita aka aza harsashi.

Kuma wai duk wannan ana yi ne alhali ana buƙatar ƙarfinsu. A shekarun 1930 da tattalin arziki ya karye aka tasa ƙeyar dubban ɗaruruwa zuwa Meziko, da yawansu haifaffun Amurka ne. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka rasa masu aikin gona sai aka koma ana kiransu, shirin Bracero daga 1942 zuwa 1964, kwantiragi sama da miliyan 4, ana tsayar da su tsirara a fesa musu maganin ƙwari na DDT kafin su shiga, ana cikin shirin ma a 1954 aka sake yin gagarumin kame da kora. A kira ka in amfanin gona ya nuna, a kore ka in an gama girbi.

Akwai wata shari'a da nake so masu karatu su sani. A watan Agustan 1976 wasu leburori uku 'yan Meziko suka ratsa ta gandun wani mutum George Hanigan kusa da garin Douglas a Arizona, aikin gona suke nema. Aka tare su da bindiga, aka ɗaure su, aka tuɓe su, aka ƙwace ɗan abin da ke aljihunsu, aka ƙona wa ɗaya ƙafa da ƙarfe mai zafi, daga ƙarshe aka ce su ruga, suna gudu tsirara ana bin bayansu da harbin bindigar tsuntsaye, haka suka isa garin Agua Prieta a ɓangaren Meziko, biyu daga cikinsu jikinsu duk harsashi. Uban ya mutu kafin a fara shari'a, 'ya'yansa biyu kuma masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu farar fata, suka wanke su tas a 1977. Da a ce mutane sun yi shiru da shi ke nan an binne maganar. Amma ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Meziko suka ƙi, suka yi ta zanga-zanga da matsin lamba har gwamnatin tarayya ta ɗauki ƙarar, sai a 1981 aka samu ɗaya daga cikin 'ya'yan da laifi. Shekara biyar ana fama kafin a samu hukunci kan mutum ɗaya. A 1977 ɗin ne kuma David Duke, shugaban wani ɓangare na Ku Klux Klan, ya je San Ysidro da ke bakin iyaka a Kalifoniya ya tara 'yan jarida ya ce mutanensa za su fara sintirin iyaka, wato dai ƙungiyar da aka sani da rataye baƙar fata ita ce ta zo taya gwamnati gadi.

Daga 1993 zuwa 1994 salon ya canza. Gwamnatin Bill Clinton ta cika El Paso da San Diego da jami'ai da fitilu da shinge, dabarar ita ce a toshe birane inda tsallakawa ke da sauƙi, a tura mutane can cikin hamada da tsaunuka, wai in suka ga wahalar za su haƙura. Ba su haƙura ba, wanda yunwa ko bindiga ta koro daga gida zafin rana ba ya mayar da shi, balle ma a 1994 ɗin ne yarjejeniyar ciniki ta NAFTA ta fara aiki, masarar Amurka mai tallafi ta cika kasuwar Meziko ƙananan manoma da yawa suka durƙushe. Sai suka koma bi ta hamadar Sonora inda zafi kan wuce digiri 45, tafiyar kwana da kwanaki a ƙafa, kuma ba mahaluƙin da zai iya ɗaukar ruwan da zai ishe shi. Suna ɗaukar galan baƙi don kar ya yi ƙyalli a hango su, suna ɗaura wa takalmi guntun kafet don kar sawu ya fito. Ofishin likitan binciken gawa na gundumar Pima da ke Tucson ya karɓi gawa da ƙasusuwan mutum sama da 3,000 tun daga shekarar 2000, da yawa har yau ba a san sunansu ba, wani abin da ake samu a jikinsa lambar waya ce kawai rubuce a cikin bel ko a takarda. Hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 686 da suka mutu ko suka ɓace a wannan iyaka a 2022 kaɗai, ta ce ba hanyar ƙaura ta ƙasa da ta kai ta kisa a duniya. Ni dai ban yarda a kira wannan tsautsayi ba, tunda da gangan aka karkata mutane zuwa can.

A cikin wannan yanayi ne 'yan sa-kai suka sake ɓullowa da sabuwar riga. A watan Afrilun 2005 Jim Gilchrist da Chris Simcox suka tara mutane a Arizona da sunan Minuteman, suka jera kujeru a bakin iyaka da madubin hangen nesa, wasu da bindiga a ƙugu, kyamarorin talabijin kuwa kamar su fi su yawa. Shugaba George W. Bush da bakinsa ya kira su 'yan banga, gwamnan Kalifoniya na lokacin Arnold Schwarzenegger kuma ya yaba musu. To duba abin da ya biyo baya. A Disambar wannan shekara majalisar wakilai ta amince da ƙudirin Sensenbrenner da zai mayar da zama ba takarda babban laifi, har wanda ya taimaka wa irin wannan mutum ma ya shiga uku. A 2006 aka sa hannu kan dokar gina shinge na wajen kilomita 1,100. A 2010 Arizona ta yi dokar SB 1070 da ta ɗora wa ɗan sanda binciken takardun duk wanda ya tsayar in ya zarge shi, to da me zai zarge shi in ba fuska da lafazi ba? Masu kujerun nan ba su kama mutane da yawa ba a zamansu, amma sun samu abin da suka je nema.

Kuma ba a kujera abin ya tsaya ba. Ranar 30 ga Mayun 2009 wata mata Shawna Forde, shugabar wani ɓangare da ya ɓalle daga Minuteman, ta je wani gida a Arivaca cikin dare ita da mutum biyu, suka ce su jami'an tsaro ne a buɗe, aka buɗe musu, suka harbe maigidan da 'yarsa 'yar shekara tara, uwar ta tsira ne don ta kwanta kamar ta mutu. Iyalin nan fa Amurkawa ne. An yanke wa Forde hukuncin kisa a 2011. A Afrilun 2019 wata ƙungiya a Sunland Park ta New Mexico ta dinga tsare ɗaruruwan mutane da bindiga, mata da yara zaune a ƙasa cikin dare, suna ɗaukar bidiyo suna sa wa a Facebook suna neman gudummawa, kuma da aka kama shugabansu Larry Hopkins laifin da aka tuhume shi da shi mallakar bindiga ne alhali yana da tsohon laifi, ba tsare mutanen ba. Wata huɗu bayan nan, ranar 3 ga Agusta, wani saurayi ya tuƙo mota kusan kilomita 1,000 daga wajen Dallas zuwa El Paso, ya shiga wani babban kanti ya buɗe wuta, mutum 23 suka rasu, kuma ya rubuta ƙarara cewa ya yi ne don hana 'yan Latin, wato 'yan asalin Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, mamaye Teksas. Wallahi duk wanda ke da imani ya kamata ya kama bakinsa daga maganar mamaya bayan wannan rana, amma a 2022 gwamnan Teksas Greg Abbott a hukumance ya kafa hujja da mamaya, a 2023 kuma ya jera manyan robobi a tsakiyar kogin Rio Grande wajen Eagle Pass, ga waya mai reza a bakin ruwa.

Kotu ma ba ta wanke kanta ba. A 1975 Kotun Ƙoli ta ce kama da ɗan Meziko shi kaɗai bai isa a tsayar da mota ba, amma ana iya haɗa shi da wasu dalilai, a 1976 kuma ta halasta shingayen bincike a cikin ƙasa ko da yawancin waɗanda ake warewa gefe saboda kamarsu ne. Jami'an sintiri suna da ikon aiki har kilomita 160 daga kowace iyaka da gaɓar teku, yankin da wajen kashi biyu bisa uku na Amurkawa ke zaune. A 1997 sojojin ruwa da aka girke a Redford suka harbe Esequiel Hernández, ɗan shekara 18, Ba'amurke, yana kiwon awakin gidansu. A 2010 wani jami'i yana tsaye a ɓangaren El Paso ya harbe yaro ɗan shekara 15 da ke ɓangaren Meziko, a 2020 Kotun Ƙoli ta ce iyayen ba su da hurumin neman diyya a wajensa. Joe Arpaio kuwa, shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa ta Arizona na lokacin, kotu ta same shi a 2013 da tsayar da mutane saboda launin fata, aka same shi da laifin raina kotu a 2017, kafin ma a yanke masa hukunci Donald Trump ya yi masa afuwa.

Kar wani ya ɗauka abin kan 'yan Latin kaɗai ya tsaya. A Satumbar 2021 duniya ta ga hotunan garin Del Rio na Teksas, 'yan Haiti wajen 15,000 a ƙarƙashin gada, jami'ai a kan dawakai suna kora baƙaƙen fata a bakin kogi, wasu riƙe da ledar abinci da suka tsallaka suka sayo wa iyalansu, aka kwashe dubbai a jirgi aka mayar Haiti, ƙasar da aka kashe shugabanta watanni biyu kafin nan kuma girgizar ƙasa ta sake afka mata. Watanni kaɗan bayan haka dubban 'yan Yukren suka iso Tijuana, birnin Meziko da ke bakin iyakar, aka buɗe musu ƙofar shiga Amurka duk da dokar korona da ake fakewa da ita ana mayar da wasu. Ban ce kar a karɓi 'yan Yukren ba, daidai aka yi musu, yaƙi suka gudo wa. Abin da ya nuna dai shi ne in an ga dama ana iya karɓar mutane cikin tsari da mutunci.

Na san za a ce ai kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, kuma haka ne, ban musa ba. Masu gandun shanu a yankin suna da ƙorafi na gaske, ana yanke musu waya, ana fasa musu gida, a 2010 an harbe ɗaya daga cikinsu Robert Krentz a gonarsa. Masu safarar mutane kuwa azzalumai ne na ƙarshe, su ne suka rufe mutane a bayan tirela a San Antonio a Yunin 2022 mutum 53 suka mutu da zafi. Za kuma a ce wajen rabin jami'an sintirin ai 'yan asalin Latin ne. Duk na ji. Amma wa ya ƙara wa masu safarar kasuwa in ba wanda ya toshe hanya mai sauƙi ya bar ta hamada ba? Ƙwayar fentanil da ake ta kafa hujja da ita, mafi yawan wadda ake kamawa ta ƙofofin hukuma take shigowa a cikin mota, kuma mafi yawan waɗanda ake ɗaurewa a kanta 'yan ƙasa ne. Shi kuma jami'i ko wane launi ne shi, aikin da aka ba shi zai yi, in tsarin ya ce masu irin wannan fuska za a tsayar su zai tsayar.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne ba a taɓa yin wannan zalunci an samu kowa ya yi shiru ba, kuma duk wani ɗan sauƙi da baƙin nan suka samu ƙwato shi aka yi. A shekarun 1980 da yaƙi ya ci El Salvador da Guatemala, waɗanda Amurka ke ba mafaka cikin masu nema daga can ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, sai wani coci a Tucson ƙarƙashin Fasto John Fife ya fito fili a Maris 1982 ya ce zai ɓoye su kuma a zo a kama shi, ɗaruruwan wuraren ibada suka bi sahu, gwamnati ta tura 'yan leƙen asiri cikinsu, aka samu mutum takwas da laifi a 1986, amma a 1991 dole gwamnati ta yarda a sake duba ƙararrakin mutanen. Ƙudirin Sensenbrenner kuwa titi ne ya kashe shi, ranar 25 ga Maris 2006 mutum wajen rabin miliyan suka cika Los Angeles, ranar 1 ga Mayu masu wanke-wanke a gidajen abinci da magina da masu aikin mayanka suka ƙi fita aiki a birane da dama, mutanen da kullum ke ɓuya suka fito da fuskarsu a waje, ƙudirin bai tsallake majalisar dattawa ba. Matasan da aka shigo da su tun suna yara suka dinga zaman dirshan a ofisoshin sanatoci, sun san ana iya korarsu a ranar, har Obama ya fito da shirin DACA na dakatar da korarsu a 2012. Arpaio ma kafin afuwar ai sai da masu ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida suka kayar da shi zaɓe a 2016.

Sai masu ruwa. Ƙungiyoyi irin su Humane Borders da No More Deaths suna shiga hamada su ajiye galan-galan na ruwa da gwangwanin wake a hanyoyin da aka fi tsintar gawa, su rubuta kwanan wata da 'yar addu'a a jikin galan. A Janairun 2018 No More Deaths ta fitar da rahoto da bidiyo na jami'ai suna shure galan suna zubar da ruwan a ƙasa, sa'o'i kaɗan bayan nan aka kama ɗaya daga cikinsu, wani malami Scott Warren, a garin Ajo, saboda ya ba mutum biyu 'yan Amurka ta Tsakiya ruwa da abinci da wurin kwana, aka tuhume shi da laifukan da za su iya kai shi shekara 20 a kurkuku. Sau biyu ana gurfanar da shi kafin a wanke shi a Nuwambar 2019. Wasu mata huɗu kuma an same su da laifi a 2019 saboda shiga gandun dajin Cabeza Prieta ba izini da barin ruwa a can, sai a 2020 wata alƙaliya ta soke hukuncin. Mu da aka karantar da mu cewa Allah ya gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya za a yi mu karanta wannan mu wuce kamar ba komai?

Edita, wannan iyaka ba ta yi mana nisan da muke zato ba. A 2023 mutum sama da 500,000 suka ratsa dajin Darién tsakanin Kolombiya da Panama, kuma a shekarar dubban matasa daga Muritaniya da Senegal da Gini suka bi ta Nikaraguwa suka isa hamadar Arizona, bidiyon TikTok na nuna musu kamar tafiyar yini ɗaya ce. Don haka ina roƙonka, duk lokacin da za ku kawo adadin waɗanda aka kama, ku haɗa da adadin waɗanda aka tsinci gawarsu, ku faɗi su wane ne ke yawo da bindiga a wajen ba da izinin kowa ba, ku kuma nemi masu ajiye ruwan nan da lauyoyin da ke tsaya wa masu neman mafaka ku yi hira da su, suna da shafuka a intanet kuma suna magana da 'yan jarida.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
mai karanta jaridarku a kullum